Kwanar Nesa a Filin Mai Rediyo

Ina tsugune a bayan wani gida ina walda ƙafar tankin ruwa, wajen ƙarfe goma na safiyar Talata, wayata ta yi ta ruri a aljihu. Sai a kira na uku na ɗaga gilashin fuska na ɗauka. Babbar 'yar Mai Rediyo ce.

Ta ce, "Baffa, kana zaune?"

Na ce, "Ina aiki. Lafiya?"

"Baba ne. Ya rasu ɗazu a shago."

Ta ce ta kai masa shayi ne ta tarar ya kifa kai a kan tebur, kamar mai neman wani ƙaramin noti da ya faɗi. Ƙarfen narka dalma na nan da zafinsa, ita ta zare shi daga soket. Na kashe inji na zauna a kan bulo. Mai gidan ya leƙo ya tambaye ni ko wuta aka ɗauke. Na ce a'a.

Shekara arba'in da ɗaya muna tare. Shagona na walda da nasa na gyaran rediyo bango ɗaya ya raba su, kuma a bangon akwai wata kafa da muke miƙa wa juna filaya da ashana. Shi yana kirana Maƙeri, ni kuma ban taɓa kiransa da wani suna ba sai wanda kowa ke kiransa. Da rediyo ya daina kawo aiki ya koma talabijin, daga baya ya koma waya, amma sunan bai bar shi ba. Dogo ne siriri, ba ya son hayaniya, kuma in yana aiki yakan ɗan fito da harshe gefe ɗaya. Yana da mata da 'ya'ya mata uku. Ni ba mai rubutu ba ne. Mutanen filin da muke tseren motocin rimot ne suka ce in rubuta abin da na sani a kansa, tunda na fi su daɗewa da shi.

Maganar motoci ta faro ne shekara goma sha biyu da suka wuce. Wani ya kawo masa motar rimot, tsawonta kamar kamu biyu, ya ce ta daina jin magana. Ya gyara, muka fita lungun bayan shaguna don a gwada. Ni na zaci abin wasan yara ne. Da ya matsa kunamar rimot ɗin sai motar ta ɓace daga gabanmu, ta tashi ƙasa, ta je ta daki kwandon shara ta kife tana wutsil-wutsil da tayu. Ya dube ni, na dube shi. Muna da shekara hamsin-hamsin a lokacin. Ranar ba wanda ya koma aiki a cikinmu.

Bayan wata shida ya haɗa tasa. Bayan shekara guda masu irin motar su bakwai ne, suna haɗuwa duk Asabar a bayan wata tsohuwar tashar bas da aka daina amfani da ita. Mai wurin ya ce su yi abin da suka ga dama, muddin za su riƙa nome ciyawa. Suka zuba jar ƙasa suka daddaɓe, suka shata hanya da tsofaffin tiyon ruwa da ake kafe su da dogayen ƙusoshi. Ni na ƙera musu dandamalin da direbobi ke hawa, mai matakala shida, don kowa ya hango motarsa daga sama. Ban taɓa shiga tsere ba. Hannuna ya saba da ƙarfe mai nauyi, in na riƙe rimot sai motar ta yi inda ta ga dama. Amma Asabar ba ta wuce ni.

Na ji an buɗe irin wannan fili a wasu unguwanni, wasu ma da kwalta da fitilu, kuma da yawansu ba su kai shekara biyu ba. Namu ya kai lokacin da mutum talatin da wani abu ke zuwa, har da mata, har da masu zuwa da iyalinsu su zauna a inuwa. In aka tambayi Mai Rediyo sirrin, sai ya ce babu. Amma ni na ga abin da yake yi.

In ya ce ƙarfe huɗu, to huɗu ne. Ko mutum uku suka zo za a tashi tsere. Yana da wata tsohuwar mota mai launin toka da muke kira Jaka, ba ta gudu, ba ta kuma karyewa. Duk wanda ya tsaya a bakin waya yana kallo ya wuce minti goma, zai ji an danƙa masa rimot ɗinta a hannu. In motar wani ta lalace ba ya barinsa ya tafi da ita a leda. Zai shimfiɗa tsumma a kan benci ya ce, "Kwance mu gani," amma ba zai taɓa ba, mai motar ne zai kwance da hannunsa.

Sai dokar tayarwa. Waɗannan motoci suna yawan kifewa, direba kuma yana can kan dandamali ba zai iya sauka ba. Dole a sami mutane a kowace kwana masu rugawa su tayar da wadda ta kife. Dokarsa ita ce, duk wanda ya gama tsere zai ajiye rimot ya sauka ya yi wa rukuni na gaba tayarwa. Wanda ya zo na ɗaya kuma shi ke zuwa kwanar nesa, inda babu inuwa.

Akwai wani likitan haƙori, Likita kawai muke ce masa, wanda ya fi kowa iya tuƙi kuma ya san ya fi kowa. Ranar da ya fara cin tsere ya tsaya a sama yana goge rimot da hankici.

Mai Rediyo ya ce, "Likita, kwanar nesa na jiranka."

"Haba Mai Rediyo. Sati guda ina sunkuye a bakin mutane, yau ma in je in yi ta sunkuyo?"

"Can ana biyanka, nan kuma kyauta ne. Sauka."

"Bayana fa."

"Motar Malama ce za ta fi kifewa, kuma ba ta da nauyi."

Aka yi dariya, har da Malamar. Malamar makarantar firamare ce da ta fara da Jaka, ta sayi tata daga baya, kuma shekara uku tana zuwa ba ta taɓa wuce na biyun ƙarshe ba. Likita ya sauka yana gunaguni. Daga baya shi ya fi kowa tsare dokar.

Abin da ya fi ba wa muhimmanci shi ne sauya hanya. Duk Asabar ɗin farkon wata, da safe, za a cire ƙusoshi a tattara tiyo, ya ɗauki bokitin farar ƙasa ya zana sabuwar hanya. Tsofaffin direbobi ba sa so. Ya taɓa gaya mini dalili muna shan shayi. Ya ce in hanya ta daɗe, yatsun tsofaffi sukan haddace ta, su daina tuƙi da ido. Sabon zuwa ba zai taɓa kamo su ba, sati uku zai ga ba shi da rabo ya daina zuwa. Amma in an sauya, ranar kowa baƙo ne. Shi kaɗai ke zanen. Ba ya amfani da takarda. Zai hau dandamali ya daɗe yana kallo, ya sauko ya fara tafiya da bokiti.

Kimanin shekara uku da suka wuce hanyar ta fara tsukewa. Ba a lura da wuri ba. Wata guda kwanar hagu ta ɗan shigo ciki. Wata na gaba ta dama ta biyo ta. Doguwar miƙaƙƙiyar hanyar da ke bin jikin katanga, wadda kowa ke so saboda a nan ake sakin wuta, ta ragu zuwa rabi. Kwanar nesa ta matso har ta daina zama nesa. Fili mai faɗin gaske, amma duk tseren ya dawo gaban dandamali, a murɗe kamar hanji. Ciyawa ta fara cinye gefe da gefe.

A irin wannan hanya ƙwararru kan sha da ƙyar, sababbi kuwa ba sa zagaye ɗaya ba su kife sau uku ba. Motoci na hawa kan juna, ƙafafun gaba na karyewa. Wanda aka ba Jaka yakan mayar da rimot bayan minti biyu ya ce ya gode. Muka koma ashirin, muka koma goma sha ɗaya. In aka yi masa magana sai ya ce hanya mai wuya ita ke koya tuƙi. Wannan ba maganarsa ba ce, duk wanda ya san shi ya san haka. Likita ya fara zancen wani fili da ya gani a bayan asibitinsu, ya ce in abin ya ci gaba a haka gara a raba gari.

Ni a shago na gane. Na miƙa masa filaya ta kafar bango, hannuna na dab da kafaɗarsa, yana ta cewa, "Maƙeri, ina filayar?" Na kaɗa ta. Bai juyo ba. Sai da na ƙwanƙwasa ta a bango ya waiwayo gaba ɗaya, da wuyansa da kafaɗunsa, ya karɓa.

Na zagaya na shiga shagonsa na ja ƙofa.

Na ce, "Tun yaushe?"

Bai yi musu ba. Ya ce hawan jinin ido ne, an daɗe da gaya masa. Yana ɗiga magani safe da yamma, amma abin da ya tafi ya tafi. Tsakiya yana gani tar, shi ya sa aikin waya bai gagare shi ba. Gefe ne babu. Ya naɗe wata takarda ya miƙo mini ya ce in leƙa ta ciki. Ya ce haka filin yake a wurinsa daga kan dandamali, kuma bututun kullum ƙara matsewa yake. In motarsa ta fita daga ciki da gudu, kafin ya juya ya nemo ta ta riga ta daki tiyo.

"A gida sun sani?"

"Uwar yara ta sani. Sai kai. Kada in ji a bakin kowa."

"Filin fa?"

"Filin nawa ne."

Na yi shiru wata huɗu. Ina gani ana raguwa, ina jin ana cewa tsufa ya sa Mai Rediyo taurin kai, ina haɗiye maganar. Ban sani ba ko daidai na yi. Na dai san cewa tuƙin nan shi ne abu ɗaya da ya taɓa yi don kansa, kuma ban ga yadda zan buɗe baki in ce ya ajiye ba.

Ranar wani zanen, mu tara ne muka zo da safe. An tattara tiyo, ya ɗauki bokiti ya fara. Na ga layin da yake ja ya fi na watan jiya shigowa ciki da taku biyar. Likita ya ajiye gudumar da ke hannunsa ya tafi wajen motarsa ta hawa ya jingina. Malama ta sunkuyar da kai. Ni kuma na je na tsaya a gaban bokitin.

Ya ce, "Matsa, Maƙeri."

Na yi ƙasa da murya na ce, "Wa kake zana wa wannan?"

"Ka matsa na ce."

"Wata mai zuwa a kan tebur za mu yi tseren?"

Ya ɗago ya sa ni a tsakiyar idonsa. Na zaci zai zage ni, don ya iya in ya so. Sai ya ajiye bokitin, ya share hannu a wando, ya ce wa mutane su matso. Ya gaya musu a taƙaice, kamar mai ba da labarin wani. Ya ce shekara biyu yana zana hanya daidai idonsa, ba daidai filin ba, kuma shi ya kori mutane, ba kowa ba. Ya ce daga yau ya sauka daga dandamali.

Likita ne ya fara magana, ya ce, "Kuma ka bari ina ta zaginka a zuci? Ai da ka faɗa." Ya matso ya miƙa hannu zai ɗauki bokitin, don kowa ya ɗauka shi ne zai gaje shi.

Mai Rediyo ya riga shi ɗauka. Ya ce, "Malama tana ina?"

"Ga ni, Baba."

"Karɓi."

Ta ja da baya. "Ni? Ni da ko zagaye biyar ban taɓa yi ban kife ba?"

"Shi ya sa. Likita bai san inda ake kifewa ba, bai taɓa zuwa can ba. In ya zana, kansa zai zana wa, kamar yadda na yi. Ke kin san kowane wuri da ke sa mutum ya ji kamar ya tafi gida."

Likita ya ce, "Wato laifina shi ne na iya."

"Ƙwarai. Ɗauki guduma."

Ta kai awa biyu tana zanen, tana gogewa da ƙafa tana sakewa. Sai da muka nome ciyawa kafin a shimfiɗa tiyo, don ta mayar da hanya har jikin katanga. Kwanar farko ta yi ta da faɗi sosai, mota huɗu za su shiga tare ba su taɓa juna ba. A wurin tudun da motoci ke tsalle ta fitar da wata 'yar hanya ta gefe, mai ɗan tsawo, ga wanda ba ya son tsallen. Likita ya sa mata suna hanyar matsorata. Sati biyu bayan nan aka gan shi ya bi ta cikinta da ƙafar motarsa ta samu matsala, kuma har yau ba a bar shi ya manta ba.

Mutane ba su dawo gaba ɗaya ba. Wasu sun sayar da motocinsu, wasu sun sami abin yi ranar Asabar. Malama ta bi waɗanda take da lambarsu ɗaya bayan ɗaya. A hankali aka koma sha biyar, aka haura ashirin, yawancinsu sababbin fuska. Jaka ta koma aiki har sai da aka sake mata tayu.

Shi kuwa ya ba wa 'yarsa ta biyu motarsa, ya ɗauki kujerar roba da hula mai faɗi ya tare a kwanar nesa. Ya ce wanda ya ci tsere ya huta, shi ya karɓi wurin har abada. Mun ji tsoro da farko, don mai tayarwa da gefen ido yake aiki. Ashe shi da kunne yake yi. Mutumin da ya shekara arba'in yana sauraron rediyo mai shashshaƙa ya san bambancin kukan motar da tayunta ke ƙasa da wadda tayunta ke juyawa a iska. Kafin direba ya yi ihu ya riga ya miƙe. Matsalar ɗaya ce, ba ya ganin masu tahowa daga gefe, kuma mota mai gudu in ta sami ƙauri ba wasa ba ce. Sau biyu ana fasa masa ƙafa. Na yanka wani bututun roba mai kauri gida biyu, na sa masa maɗauri, yake ɗaurawa daga gwiwa zuwa idon sawu. Ya ce na mai da shi kamar tankin ruwa. Bai taɓa zuwa fili ba tare da su ba.

Ban ce bai ji ciwo ba. Akwai Asabar ɗin da na kai masa ruwa na tarar yatsansa na motsi a kan gwiwa, yana matsa kunamar da babu, yana bin kukan motar 'yarsa. Na ajiye ruwan na dawo. Wata tara ya yi a kwanar nan, kuma ko sau ɗaya ban ji ya ce wa Malama ga yadda za ta yi ba. In ta tambaye shi, sai ya ce, "Ke kika ga filin."

Ranar Litinin da yamma, ana gobe zai rasu, muna shirin rufe shaguna, ya kira ni ta kafar bango. Na zagaya na same shi da takarda a kan tebur a ƙarƙashin fitilar aiki. Malama ce ta biyo ta ajiye masa zanen wata mai zuwa, don ita a takarda take fara yi. Yana bin layin da yatsa, yana juya kai a hankali daga wannan gefe zuwa wancan.

Ya ce, "Zo ka ga. Ta yi kuskure a kwana ta uku. Daga miƙaƙƙiya za a shigo da wuta, ga ta a matse. Nan za su taru kamar an zuba su."

"Ka gaya mata?"

"A'a."

"Sai an karya motoci?"

"Biyu ko uku. Za ta gani da idonta ranar Asabar, ba za ta sake ba. In na gaya mata, wata mai zuwa ma sai ta kawo mini."

Na ce, "Kai dai mugu ne."

Ya yi dariya, ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba. "Can zan kai kujerata. Aiki zai yi yawa."

Ya kashe fitila, muka fito. Ya kama ƙofar shagon zai ja ta ƙi, kamar yadda ta saba.

Ya ce, "Maƙeri, ƙofar nan fa."

Na sa kafaɗa na tura ta ta shiga. Na ce, "Gobe zan duba ta."

Ya ce, "Goben nan taka ta kai wata uku."